Gwanjo a Gwanzu

Tun da na dawo daga ƙasar Sin ban huta da tambaya ba. A kasuwar Kwari tambaya, a masallaci tambaya, ran nan har a wurin ɗaurin aure wani ya matso kusa da kunnena ya ce, "Sabi'u, wai yaya Gwanzun nan take?" Kowa nakan ba shi abin da ya samu: dogayen benaye, arhar kaya, cin abinci da tsinke. Amma akwai ɓangaren da nake tsallakewa kullum, domin ba ya ƙara mini daraja. Na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya in huta, mai dariya ya yi abarsa a bayan idona.

Kayan sawa na yara nake sayarwa, kuma wannan ce fitata ta farko, a shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik. Kafin in tashi, duk wanda ya taɓa zuwa sai da ya yi mini huɗuba. Kar ka yarda da samfur, abin da za a nuna maka daban, abin da za a ɗaure maka daban. Kar ka yarda da tafinta, bakinsu ɗaya da masu kanti. Kar kwalinka ya bar idonka. Har na hau jirgi ban ji mutum ɗaya ya ce ga wanda zan yarda da shi ba. Ni kuwa dama Allah ya yi ni da saurin zargi, sai abin ya samu wurin zama.

Ana jibi zan tafi na je Zariya yi wa Kawu Garba sallama. Yayan mahaifiyata ne, tsohon direban jirgin ƙasa tun zamanin inji mai kwal. A ɗakinsa na waje akwai wani tebur da ya cinye rabin ɗakin, a kansa siririn layin dogo ya zagayo ya haɗe, ga tasha, ga gada, ga duwatsu da ya gina da takarda da siminti. Taragunsa sun fi ashirin, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, kuma duk na layi ɗaya ne: wani tsohon layin dogo na Amurka da ke kwaso kwal daga cikin duwatsu, wanda kamfaninsa ya mutu tuntuni. Wani injiniya Ba'amurke da suka yi aiki tare ne ya bar masa na farko, sauran ya bi su ɗai-ɗai cikin shekaru. Ba ya gauraya su da na wani layi. Na taɓa saya masa wani jan jirgin roba mai kiɗa, ya yi godiya sosai, washegari na gan shi a hannun jikokinsa. Mu dai a dangi wasan yara muke ce wa abin, amma ba a gabansa ba.

Shekara biyu ke nan taragun suna tsaye, tun ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone masa kan jirgin. Idonsa na dama kuma ya riga ya tafi, na hagun yana bin sa a hankali. Autarsa Hajara ce ta nemo masa wani mai gyaran irin waɗannan jirage a Gwanzu, sunansa Cen, ita ke zuwa kafe tana rubuta masa wasiƙun Kawu ta intanet. Sun gama komai a tsakaninsu, nawa kawai in karɓo sabon kan jirgi in kawo.

"Ina so in ga ya ja su ko zagaye ɗaya ne, tun idon nan yana gani," in ji Kawu. Ya naɗe tarago ɗaya a tsumma ya ba ni, wai a gwada ƙugiyarsa da ta kan jirgin. "Kuma ka saurara, akwai yadda na ce a yi shi. Idan ka gan shi..."

Wayata ta yi ƙara, mai yi mini hidimar biza ne. Na miƙe ina cewa, "Kawu kar ka damu, sabo dal zan kawo maka, ba wanda ya isa ya cuce ni." Na fita amsa waya, da na dawo an kira sallah, maganar ta bi iska.

Bizar ma da kyar ta fito, kuma mako biyu kacal aka ba ni, wai saboda wasannin an tsaurara. Muka tashi daga Kano, muka yada zango a Adis, inda na yi awa bakwai a kan kujerar ƙarfe rungume da jakata. A nan wani dattijo mai furfura a gemu ya yi mini sallama ya miƙo mini dabino. Alhaji Isufu ke nan, mutumin Maraɗi, mai sayen tocila da batir, zuwansa na tara. Na karɓi dabinon na sa a aljihu ban ci ba. Ya lura, ya yi dariya ya ce, "Ci abinka, ɗan Kano. In sace ka nika so, ba da dabino zan hwara ba."

A filin jirgin Gwanzu jami'in ya riƙe fasfona ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton, har na fara shakkar ko ni ne. Da muka zo wurin kaya na'ura ta yi kuka a kan jakata. Aka kira wani, shi ma ya kira wani. Suka warware tsumman Kawu da safar hannu, ni kuwa gumi har cikin takalmi, ina tunanin yadda za a ce a Kwari an kama Sabi'u da abin fashewa. Babbansu ya ɗaga taragon ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ɗora shi a kan tebur, ya tura shi da yatsa. Taragon ya gangara sumul har ƙarshen teburin. Ya taro shi ya sake turawa. Sai da ya yi haka sau uku sannan ya tuna da ni, ya miƙo mini da hannu biyu.

Alhaji Isufu ne ya kai ni masauki a Shawbe, bayan babban titin Hwanshi, muka raba ɗaki ɗaya mai gado biyu da taga mai kallon bango. A unguwar nan za ka ji Hausa kala uku kafin ka kai bakin titi. Zafin garin irin mai ɗanko ne, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. 'Yan sanda kuwa ko'ina, sau biyu suka tare ni a rana ɗaya suna neman fasfo, har na koma rataye shi a wuya cikin riga.

Abinci ya ba ni wahala kwanakin farko. Akwai gidajen cin abinci na Musulmin Sin, masu fararen huluna, inda ake jan taliya da hannu a gabanka. Sau uku na sa aka tambayi mai wurin naman mene ne, a na ukun ya nuna mini rubutun Larabci a bango ya ce "Assalamu alaikum" da ƙarfi, kamar mai cewa in ban yarda ba in tashi. Tsirensu ba ƙuli, sai wani yaji mai ƙamshin magani. Ruwan sha kuma da zafinsa suke kawowa a cikin wannan zufa. Na ce wa Alhaji ko dai sun ɗauka ba mu da lafiya ne, ya ce su a wurinsu ruwan sanyi ne ciwon.

A wurin cin taliyar aka haɗa ni da Muniru, mutumin Kumasi da ya daɗe a garin yana tafinta. Hausarsa irin ta zango ce, ba mace ba namiji, kowa "ya" ne. Ya ce in ina da wurin zuwa zai raka ni. Na ce na gode, a raina na ce ga irin waɗanda aka ce in kiyaya.

Kwana takwas na yi ina fama da kasuwar Shahe, inda masu tura kaya ba sa neman hanya, sai dai ka ji ƙarfe a dunduniyarka. Na koyi kalma uku: lawban, wato mai kanti, da meyo, wato babu, da sheshe, wato na gode, ita ce kuma na fi ƙarancin amfani da ita. Kowane kwali sai na sa an buɗe, na ƙirga, na yi masa alama da biro a inda ba za a gani ba. Wata mai kanti ta gaji da ni ta kawo mini kujera da fanka, ta koma ta kifa kai a kan kayanta ta yi barcin rana abinta.

Rana ta tara muka nufi wurin Cen, ni da Alhaji Isufu, da adireshi a takarda. Yana wani tsohon bene ne a bayan titin Liyuhwa, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, hawa na takwas, ba lif. Alhaji ya tsaya hutawa sau uku yana tambayar wanda ya aike shi.

Cen ya kai shekara sittin, siriri, da singileti da wani gilashin ƙara girma a goshi. Da ya ga sunan Kawu a takarda sai ya kama hannuna da hannu biyu yana jijjigawa. Ya zaunar da mu, ya zuba shayi a wasu kofuna da ba su fi kurɓa ɗaya ba. Shi ma yana da nasa layin dogon a jikin bango, da tambari iri ɗaya da na taragun Kawu. A kan kanta kuwa ga kawunan jirage a jere, baƙaƙe wuluk suna sheƙi kamar takalmin ango. Na zaɓi na Kawu da ido tun kafin a ce komai.

Ya karɓi taragon, ya duba ƙugiyar, ya gyaɗa kai. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ba kan kanta ba, ya jawo wani akwati. Ya buɗe a hankali.

Tsatsa ta ci gindin tukunyar injin, toka ta rufe samansa, wani farin zane ya gangaro ta gefe kamar ruwan kanwa ya zuba ya bushe. Ƙafafun duk busasshen laka da baƙin mai. Ya ɗora shi a layi ya murɗa wuta, abin ya tashi lafiya lau, fitilarsa ta kama, ya ja taragon Kawu ya zagayo. Amma ni ba tafiyar nake kallo ba.

Na nuna masa na kan kantar. "Lawban, dis wan. Niw wan!"

"Meyo, meyo," in ji shi, yana kaɗa hannu yana murmushi. Ya faɗi wata doguwar magana da ban tsinci komai a ciki ba sai Amurka.

Na juya na ce, "Alhaji, kana gani fa. Wannan ai gwanjo ne."

Fuskar Cen ta washe. "Gwanjo! Gwanjo!" Ya bugi ƙirjinsa, ya nuna ƙasa da yatsa, ya nuna kan jirgin. "Gwanjo!"

Alhaji Isufu ya ajiye kofinsa. "Ka jiya ko? Shi da bakinai. Wanga har Hausa ya koya wurin mutanenmu, kuma ko kunya bai ji."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsoho mai ido ɗaya, a ƙasa mai nisa, shi za a tura wa kwantan da Turawa suka gama yayi? Na so in bar masa abinsa, amma na ga in na fita hannu wofi shi ke nan an yi biyu babu. Na rufe akwatin na ɗauka, na bar shayinsa a nan, ban ce sheshe ba. Har muka kai hawa na shida ina jin sa a sama yana kiran wani abu.

Na ɗauki waya zan kira Hajara na fasa. Me zan ce? A gaya wa Kawu abokin da yake alfahari da shi ɗan damfara ne? Washegari bayan azahar muka baje akwatin a kan gado. Alhaji ya ɗaga injin ya auna nauyinsa a hannu.

"Ƙarhe ne mai kyau, tagulla ce. Wanki ɗai shike so. In ka gyara shi, tsoho bai sanin an yi komi."

Na fara da ruwa da sabulu, dattin ko gezau. Na sa buroshin haƙorina, nan ma shiru. Na ce lallai wannan dauɗa ta shekara da shekaru ce. Alhaji ya kawo turarensa na fesawa, ya ɗan motsa kaɗan. Daga nan na sauka kantin kayan kwalliya da ke ƙasan masaukin na sayo ruwan goge farce da audugar kunne. Wannan kam ya yi aiki. Tsatsar ta riƙa fita tana bin auduga, farin zanen ya tafi, a wasu wuraren har baƙin fentin ya bi su tagulla ta fito tana walƙiya. Ina yi ina jin daɗi, Alhaji yana yaba mini da Faransancinsu, "Wala, wala!" A tagar direba akwai wani ɗan mutum-mutumi da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, fuskarsa baƙa. Na ce har direban sun bari da dauɗa. Na sa auduga na murza, ya fito jawur da shi, Bature sak.

Na kusa gama gefen dama sai lambar injin da sunan layin suka narke suka biyo audugar. Na tsaya. Maimakon in tsorata sai na ƙara hawa: ashe ko lambar ma manna ta aka yi. Yanzu ina da hujja a hannu. Na nemi Muniru, domin ina son wanda zai isar da zagina yadda na yi shi.

Da safe muka sake hawa benen nan, saura kwana uku bizata ta ƙare. Na zube audugar mai datti a kan teburin Cen, na ajiye injin kusa da ita. Na ce wa Muniru, "Gaya masa mu ba yara ba ne. Gaya masa tsohon da ya cuta ya yi shekara talatin yana tuƙa na gaske. Gaya masa a garinmu mai irin wannan ɓarawo ake ce masa."

Ban san nawa Muniru ya fassara ba. Cen bai ma dube shi ba. Ya sauko da gilashin goshinsa, ya ɗauki injin, ya juya shi gefen da na goge. Ya daɗe yana kallo. Ya laluba kujera ya zauna. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, kuma gajeriya ce.

"Ya ce wa ya yi wannan aiki," in ji Muniru.

"Ni na yi. Na wanke masa dattinsa."

Cen ya jawo wata jakar takardu ya buɗe a gabana. Wasiƙu ne da aka buga, da Turancin Hajara. A tsakaninsu akwai zane-zanen fensir da aka ɗauki hotonsu aka turo, kan jirgi ta gefe, ta gaba, ta sama, da kibiyoyi suna nuna wurare. Na san hannun. Duk wanda ya taɓa karɓar wasiƙar Kawu ya san yadda yake karkata rubutunsa.

Muniru ya saurari Cen na ɗan lokaci, sannan ya juyo. "Ɗan'uwana, ka yi ɓarna. Waɗancan masu ƙyalli, haka ya fito daga kamfani, kowa ya iya saye. Mutanen Amurka ya aiko masa ne ya tsufar da shi, suna layi suna jira. Wannan tsatsa fenti ne, da hannu ya yi, ɗaya kan ɗaya. Tsufan shi ne aikin. Kawunka ne ya ce a yi haka. Wata uku ya yi a kai."

Duk da haka ban saki ba. "To don me da na ce gwanjo ne ya amsa? Alhaji shaida ne. Har ƙirji ya buga."

Muniru ya dube ni, ya buɗe baki, dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafa bango. Da ya ga fuskar Cen ya haɗiye ta. "Sunan garin ke nan. Ku ne kuke ce Gwanzu. Su Gwangjo suke ce. Ya ɗauka ka tambaya ina aka yi. Ya ce maka nan garin, shi da kansa."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan audugar da na zube, ita ma ba ta taimake ni ba. Na ce Muniru ya ba shi haƙuri, ya janye kalmar nan in ya riga ya faɗa. Ya ce bai faɗa ba, amma mutumin ba ya bukatar tafinta kafin ya gane ta.

Na tambaya ko zai gyaru kafin jibi. Cen ya girgiza kai. Kowane shafi sai ya bushe kafin a ɗora wani, lambar kuma sai an aiko da ita daga Amurka. Ya ce in bar shi, bayan wata uku wani ya zo ya karɓa. Ƙarin kwanaki a biza kuwa a lokacin ko a mafarki. Na tsaya ina lissafin idon Kawu na hagu, wanda ko a watan da ya wuce sai da ya matso da fitila kafin ya gane ni. Wata uku ba nawa ba ne da zan bayar. Na ce zan tafi da shi haka. Gaskiya kuma akwai wani tunanin a ƙasan wannan: gefe ɗaya na ɓata, wataƙila a iya ɓoye shi.

Cen bai yi musu ba. Sai dai kafin ya rufe akwatin ya ciro ɗan direban nan da hantsaki. Ya kama hannuna ba tare da ya nemi izini ba, ya kifa shi a kan tebur, ya haɗa fenti a murfin kwalba yana ɗiga shi a bayan hannuna har sai da ya daina bambanta da fatata. Da wani buroshi mai gashi uku ya mayar wa direban fuskarsa. Muniru ya ce a hankali, "Kawunka ne wannan. Har hoto ya aiko." Na yi sheshe ta fi sau goma a bakin ƙofa. Cen ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ranar ba a zuba shayi ba.

Dawowa ba abin labari. Kayana suka bi jirgin ruwa, akwatin Kawu ya zauna a kan cinyata daga Gwanzu har Kano. Alhaji Isufu, da muka rabu a Adis, ya ce in gaya wa tsoho rabin laifin nasa ne, turarensa aka fara da shi. Na ce ba zan raba da kowa ba.

Kwana biyu da sauka na je Zariya da hantsi. Kawu ya sa an share teburin, an goge layin, an jera taragun a tasha. Hajara ta tayar da janareto. Ya zauna a kujerarsa a gaban teburin ya ce in ɗora. Na ɗora shi yadda na tsara tun a jirgi, gefen hagu, wanda ban taɓa ba, yana fuskantar Kawu.

Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa tukunyar. Ya bi tsatsar da ɗan yatsa ba tare da ya taɓa ta ba. "Allahu akbar," ya ce. "Haka yake. Wallahi haka yake." Ya sarƙa ƙugiyar da kansa, ya murɗa wuta. Injin ya ɗan yi jim, ya ja, taragun suka amsa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ban yi tunani ba duk tsawon hanya, ni mai wayo, shi ne layin zagaye ne. Jirgin ya sha kwana, ya haye gada, ya biyo ta can baya, gefen dama ya juyo yana kallonmu. Tagullar ta ɗauki hasken fitila ta watso shi har bango. Kawu ya bar shi ya zagayo sau ɗaya. A na biyu ya kashe wutar daidai can.

"Miƙo mini shi."

Na miƙa. Na faɗa masa komai ina durƙushe, da gwanjon, da ruwan goge farcen, da kalmar da na jefi abokinsa da ita. Hajara ta rufe baki ta fita. Na jira faɗa, na ma fi son a yi mini shi.

Bai yi ba. Ya riƙe injin a tafin hannu, gefen da na goge a sama.

"Wannan layin na Amurka ban taɓa ganinsa da idona ba," in ji shi. "Da Cen ya tambaye ni yaya nake so a tsufar da shi, na ce ban san nasu ba, nawa na sani. Ya ce to in gaya masa nawa. Wata uku yana aiko da tambaya. Ina tsatsa take fara ci? Ina toka take kwanciya in an hau tudu? Ina mai yake tsiyaya?" Ya ɗago ya dube ni. "Tun da na ajiye aiki, Sabi'u, ba wanda ya tambaye ni komai a kan inji sai shi. Ku gaishe ni kuke yi."



Ya ɗora yatsa a kan tagullar, a wurin da na fi murzawa. "Nan akwai farin zane. Akwai wani famfo da ke ɗiga a nawa, shekara shida ina kai ƙara ba a gyara ba. Ruwan Kafancan ne yake barin farin." Yatsan ya matsa gaba. "Nan kuma, ƙarƙashin taga, fenti ya goge, domin nan nake jingina gwiwar hannu. Ka gan shi kafin ka goge?"

"Ban lura ba, Kawu."

"To matso da fitilar," ya ce. "Zauna in nuna maka inda yake."